Daga Askar Wanzami Zuwa Allurar Inji: Ina Ne Jarfa Ta Fi Zafi a Jiki, Kuma Me Ya Sa?

Duk wanda ya zaga kasuwar Illela ko ta Badagishiri, ko ya tsaya a tashar Birnin Konni inda motocin Tawa da na Maraɗi da na Sakkwato ke haɗuwa, in ya dubi fuskokin jama'a da kyau zai ga zamani biyu. Fuskar dattawa na ɗauke da zanen gado, kowa da na gidansu. A fuskar yara ƴan makaranta kuwa abin ya ja baya ƙwarai. Amma yayin da tsohon zane ke fita ta wannan ƙofa, wani sabo na shigowa ta waccan. Samarin da suka je cirani Abijan ko Legas, da masu kwana a gidajen kallon ƙwallo, sun ga jarfar inji a damatsan ƴan wasa da mawaƙa, har ɗai-ɗai sun dawo gida da ita ɓoye cikin hannun riga. In hira ta kai nan a fada, ana dafa shayi, tambayar da ke fara fitowa ita ce: a wane wuri ta fi zafi?

Tambayar tana da amsa, domin ba a raba jin zafi daidai wa daida a jikin mutum ba. Allura ɗaya, hannu ɗaya, amma abin da za a ji a dantse daban yake da abin da za a ji a haƙarƙari. Sai dai wanda ya tsaya a nan kaɗai rabin kaya ya auna. Zafin ranar da aka zauna gaban mai allura shi ne mafi gajarta cikin wahalhalun da ke biyo zane, kuma a ƙasarmu wanda ya fi shan wannan zafi shi ne wanda ba a taɓa neman yardarsa ba, wato jariri.

Aska daban, allura daban, lalle daban

Tsaga aikin wanzami ce. Da aska yake keta fata, a bar wurin ya warke ya bar tabo, wani lokaci a shafa gawayi ko baƙin tukunya don zanen ya fito sosai. Haka ake yin zanen gado, irin na Gobirawa mai shida a kunci ɗaya da bakwai a ɗayan, ko na Arawa da ke tashi daga gefen baki ya nufi kunne. Akwai na ado, kamar bille da kalangu da ƴar baka da fashin goshi. Akwai kuma na magani: a gefen goshi saboda ciwon kai, a ciki saboda saifa, a ƙirji ko a gaɓoɓi saboda ciwon da ya ƙi jin jiƙo.

Kakanninmu ba don wasa suka yi wannan ba. Illela, mazaunin Sarkin Adar daga zuriyar Agabba ɗan Sarkin Agadas, ƙasa ce da Hausawa da Buzaye da Fulani suka daɗe suna cuɗanya, ana ciniki ana kuma yaƙi. A zamanin hari da kamun bayi, har zuwa 1899 lokacin da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Konni ta kwashi mutane, yaron da ya ɓace fuskarsa ce ke faɗin gidansu. Yau takardar haihuwa da katin shaida sun ɗauke wa fuska wannan aiki.

Jarfa ita ce a shigar da launi cikin fata ya zauna har mutuwa, ko ta ƙananan tsaga, ko ta sukar allura ko ƙaya. Matan Fulani, musamman na Bararo, sun shahara da ita a gefen baki da kunci da goshi. Daga Senegal zuwa Cadi kuma an san al'adar baƙanta dasashi da leɓen ƙasa. Abin tsoho ne a duniya. Gawar mutumin da ake kira Otzi, wadda aka tsinta cikin ƙanƙara a kan iyakar Italiya da Ostiriya a 1991, ta kai shekara 5,300, kuma an ƙirga jarfa 61 a jikinta, da yawa a ƙugu da gwiwa da idon sawu. Masana da dama na ganin ta magani ce, irin tsagar da wanzamanmu ke yi a inda ke ciwo.

Lalle kuwa a saman fata yake tsayawa. Ba suka, ba jini, bayan mako biyu ko uku ya goge.

Abin da allura ke yi cikin fata

Fata hawa-hawa ce. Hawan sama siriri ne, ba jini a cikinsa, kuma yana saɓulewa yana sabuntuwa kusan kowane wata. Shi lalle ke rinawa, shi ya sa yake gushewa. Ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu mai kauri, inda hanyoyin jini da saiwar gashi da kafofin zufa da jijiyoyin ji suke. Nan mai jarfa ke son tawada ta zauna, a zurfin milimita 1 zuwa 2. In bai kai nan ba zanen zai goge, in ya zarce ya faɗa kitse tawadar ta barbazu. Ke nan babu yadda za a yi jarfa mai ɗorewa ba a taɓa wurin da jijiyoyin zafi suke ba.

Injin da ake amfani da shi yau asalinsa na wani Ba'amurke ne mazaunin birnin New York, Samuel O'Reilly, wanda ya yi masa rajista a 1891. Aikinsa kamar na keken ɗinki ne: allura na hawa tana sauka sau dubbai a minti ɗaya, sai dai a nan fatar mutum ce ƙyallen. Ba kuma allura ɗaya ba ce. Ana haɗa ƴan kaɗan wuri ɗaya don jan layi, a jera da yawa don cike fili. Jan layi ya fi kaifin suka, cike fili ya fi raɗaɗi domin ana maimaita wuri ɗaya har ya yi ɗanye.

Jiki na ɗaukar tawadar a matsayin baƙon abu. Ƙwayoyin da ke tsaron jiki sai su taru su haɗiye ta, amma ba sa iya narkar da ita. Wani bincike da aka yi a Marseille ta Faransa a 2018 ya nuna cewa in waɗannan ƙwayoyi suka mutu suka saki tawadar, sababbi ne ke zuwa su sake haɗiye ta a wurin. Dalilin dawwamar jarfa ke nan.

Saƙon zafi kuma hanya biyu yake bi zuwa ƙwaƙwalwa. Akwai jijiyoyi masu sauri, da ke kai saƙo da gudun mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa. Su ke kawo sukar farko mai sa mutum zabura. Akwai masu nawa, da ba sa wuce mita 2 a daƙiƙa; su ke kawo raɗaɗi da zogin da ke biyo baya su daɗe. Askar wanzami suka ce mai kaifi ta ɗan lokaci, sannan zogi na kwanaki. Inji kuwa yana tayar da duka biyun a lokaci guda, na tsawon sa'o'i.

Me ke bambanta wuri da wuri?

Abu na farko yawan jijiyoyi. Tun a 1834 wani masani Bajamushe, Ernst Weber, ya nuna haka da gwajin da kowa zai iya yi a gida. Ka ɗauki tsinke biyu, ka sa ɗan'uwanka ya rufe ido, ka taɓa shi da su a tare. A kan yatsa ko leɓe, ko da tazararsu milimita 2 ko 3 ce, zai ce maka biyu ne. A gadon baya sai ka raba su da kusan santimita 4 kafin ya daina cewa ɗaya ne. A 2014 masu bincike a Landan suka yi irin wannan gwaji da zafi maimakon taɓawa, suka samu kan yatsu da goshi sun fi ko'ina kaifin gane inda zafi yake.

Na biyu kaurin fata. Hawan sama na fatar ido bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba, na tafin hannu da tafin ƙafa kuwa yana kai milimita ɗaya da rabi. Inda fata ta yi laushi, rana da aiki ba su taurara ta ba, kamar cikin dantse da cikin cinya, zafi ya fi.

Na uku kusancin ƙashi. Ƙashi na lulluɓe da wani tantani mai cike da jijiyoyin zafi. Wanda ya taɓa buga ƙwauri a turmi ya san shi. Allura ba ta kai can, amma in babu tsoka ko kitsen da zai tare, girgizar inji na ratsawa har cikin ƙashi.

Na huɗu motsi. Wurin da ke lanƙwashewa ko ke motsi da numfashi ya fi wuyar aiki, ya fi kuma jinkirin warkewa.

Hotunan jiki masu launin ja da kore da ke yawo a wayoyi, masu nuna inda ya fi zafi, an tsara su ne daga abin da masu jarfa da waɗanda aka yi wa suka faɗa, ba daga awon asibiti ba. Duk da haka maganarsu ta zo daidai da waɗannan dalilai huɗu.

Jiki daga sama zuwa ƙasa

Kai da fuska suna sahun gaba. Fatar kai da goshi a kan ƙashi suke kai tsaye, mai jarfar inji a nan har cikin haƙora yake jin girgiza. Gefen goshi da bayan kunne da kewayen ido fata ce sirara mai yawan jijiya. Kunci ya ɗan fi sauƙi saboda tsoka, amma da an matso gefen baki zafi ya ƙaru. Fuska tana da yawan jini, shi ya sa tsagarta ke zubar da jini sosai, shi ya sa kuma take saurin warkewa fiye da ƙafa.

Leɓe da dasashi su ne ƙarshen magana. Yadda ake yi a gargajiyance, budurwa na kwanciya ta ɗora kai a cinyar mai aikin. A shafa mata baƙin hayaƙin fitila ko na ƙonanniyar gyaɗa, a ɗauko allurai ko ƙayoyin da aka ɗaure wuri ɗaya, a yi ta suka da sauri har jini ya gauraya da baƙin, a share, a sake shafawa, a sake bi. Ƙawaye na kewaye da ita, kuma kunya ta hana ta kuka. Bayan an gama baki ya kumbura, kwanaki ba ta iya tauna tuwo, sai kunu da fura. Wannan wuri da al'ada ta zaɓa wa ƴan mata yana cikin mafi jin zafi a jiki duka.

Wuya ta gaba, kan maƙogwaro, yana da tsanani, ga shi mutum ba ya iya daina haɗiyar yawu. Ƙeya da gefen wuya sun fi dama-dama.

A hannu ake samun wuraren da suka fi sauƙi. Bayan dantse da saman kafaɗa tsoka ce mai kauri, fatar ta saba da rana, jijiyoyi ba su cunkushe ba. Shi ya sa nan aka fi farawa. Bayan sangalin hannu ma haka. Amma da an juya ciki labari ya sake: cikin dantse fata ce mai laushi da manyan jijiyoyi ke bi ƙarƙashinta, hammata kuwa masu sana'ar da kansu suna sa ta cikin wurare mafi muni. Gwiwar hannu ƙashi ne tsirara ta baya, lanƙwasa mai laushi ta ciki. Wuyan hannu da bayan hannu da yatsu duk ƙashi ne da fata. Tafin hannu na da kaurin fata, amma jijiyoyinsa sun yi yawa, tawada kuma ba ta kama shi da kyau, sai an danna an maimaita, kuma duk da haka zanen kan kwaile.

Ƙirji ya kasu biyu. Inda tsoka take ana iya daurewa, amma tsakiyar ƙirji da ƙashin wuya da kewayen nono suna da tsanani. Haƙarƙari shi ne wurin da kusan kowa ke ambata in ana lissafin mafi zafi: fata sirara, ƙashi a kusa, jijiya na bin ƙarƙashin kowane ƙashi, sannan kowane numfashi na motsa wurin. Ciki ba ƙashi, amma laushinsa na sa sai an ja fatar an miƙar da ita, kewayen cibiya kuma akwai raɗaɗi.

Gadon baya fili ne mai faɗi mai kaurin fata, gefe da gefe ana jure shi. Tsakiya, kan ƙashin baya, da kan allon kafaɗa da ƙashin ƙugu, nan girgiza ke ratsa mutum.

A ƙafa, gaban cinya da gefenta na waje da tsokar bayan ƙwauri suna cikin masu sauƙi. Cikin cinya da matsematsi da bayan gwiwa suna cikin masu tsanani. Ƙoƙon gwiwa da ƙwauri da idon sawu da saman ƙafa ƙashi ne a fili. Ƙafa kuma ita ta fi nisa da zuciya, ta fi kusa da ƙura da taɓo, don haka ta fi kumburi da jinkirin warkewa.

In an tattara: inda tsoka take da kauri, fata kuma ta saba da rana, da sauƙi; inda ƙashi ke kusa, ko fata ke da laushi, ko wurin na jin cakulkuli, da wuya.

Dauriya da raki

Mu mutane ne masu girmama dauriya. Yaron da bai yi kuka gaban wanzami ranar kaciya ba ana yabonsa, saurayin Bafulatani a filin sharo murmushi yake yi bulala na sauka, mai raki kuwa abin tsokana ne. Amma dauriya ɓoye zafi ce, ba rashin jin sa ba. Jiki magayi: zufa da bugun zuciya da jiri suna faɗin abin da baki ya ƙi faɗa.

Abubuwa da yawa na ƙara zafi ko su rage shi. Tsoro na ƙara shi, haka rashin barci da yunwa da ƙishirwa. Masu suma gaban allura galibi tsoro da yunwa ne suka kayar da su. Tsawon zama ma na da nasa: a farko jiki na sakin sinadaran da ke dusashe zafi, bayan sa'o'i sai su ja baya, fatar kuma ta riga ta yi ɗanye. Wani bincike da aka yi a Polan a 2020 kan mutum fiye da dubu ɗaya ya samu cewa a lokacin da ake yin jarfa babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin maza da mata. Abin da ke ƙara zafi shi ne daɗewar aiki da zubar jini da fargaba. Hira da ɗauke hankali suna taimakawa. Tun 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa a cikin laka akwai inda saƙon taɓawa ke iya rage ƙarfin saƙon zafi, wanda shi ne dalilin da ke sa mu murza wuri in mun buge.

Akwai hanyar da ba ta kamata ba. Wasu samari na haɗiyar tramol don su daure. Wannan ƙwaya in ta yi yawa tana jawo farfaɗiya da tsayawar numfashi, ga kuma kamu da ita. Giya da asfirin kuma ƙara zubar jini suke yi. Man kashe zafi da ake shafawa saman fata kawai yake kamawa, ƙarfinsa kuma kan ƙare aiki bai ƙare ba.

Wanda ba a tambaya ba

Ranar suna da sassafe, bayan an raɗa suna an watse, wanzami kan shigo da zabirarsa ya zauna a tabarma. Kaka ko gwaggo ce ke riƙe jaririn. A jiƙa kai a aske, a wasu gidajen a buɗe baki a cire beli, sannan in gidan masu zane ne a kama kunci a ja aska. Uwa na cikin ɗaki tana jin kukan, kunyar ɗan fari ta hana ta fitowa. In ta yi motsi sai a ce mata, “Haba ƴar nan, ki kwantar da hankalinki. Gara yanzu da bai san komai ba, mu ma haka aka yi mana.”

Wannan magana da kyakkyawar niyya ake faɗinta, kuma ba mu kaɗai muka yi imani da ita ba. Har cikin shekarun 1980 akwai asibitocin Turai da Amurka da ke yi wa jarirai tiyata ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, bisa zaton ba sa ji. Bincike ya rushe wannan zato. A 2015 masana a jami'ar Oxford suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jarirai ƴan kwanaki ana ɗan tsikarin tafin ƙafarsu, suka ga cikin sassa 20 da ke tashi in babba na jin zafi, 18 sun tashi a jariran. Fatar jariri ta fi ta babba sirantaka, kuma hanyoyin da jiki ke bi ya dusashe zafi ba su gama ƙosawa a jikinsa ba. Rashin tuna abu daban ne da rashin jin sa. Jinin jikinsa duka bai kai rabin lita ba, don haka zubar da babba ba zai kula da ita ba tana iya galabaitar da shi.

Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Wanda ya fi kowa sanin kaifin aska shi ya fi gudunta. Ya kamata wannan karin magana ya sa mu tsaya mu yi tunani kafin mu miƙa kuncin ɗan kwana bakwai.

Zafin da ke zuwa daga baya

Jarfa rauni ce, samanta na ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin ya rufe. A bazara, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, zufa na jiƙa ta. A hunturu ƙura na shiga. Mai noman albasa a fadamun Galmi da Konni yini yake hannu da ƙafa cikin ruwa da laka, mai dakon siminti a Malbaza kuma ƙura ce mai cin fata ke bin jikinsa. Mai ciwon suga da mai sikila su sani cewa rauni a ƙafa da idon sawu na iya zame musu gyambo.

Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tsiro, wanda ke kumbura ya wuce iyakar raunin, yana ƙaiƙayi yana suka shekara da shekaru, in an yanke kuma sau da yawa ya dawo ya fi da. Wuraren da ya fi so su ne tsakiyar ƙirji da kafaɗa da saman baya da haɓa da kunne. A lura da kyau: kafaɗa da saman baya, da ake cewa zafinsu da sauƙi, suna cikin wuraren da wannan tabo ya fi fitowa. Wanda hujin kunne ko tsohon rauni ya taɓa yi masa tsiro, ko aka san abin a danginsu, jikinsa ya riga ya gargaɗe shi.

Sai cututtukan jini. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a wajen jiki, a kan aska ko allurar da ido ke gani tsab. Nau'in C da sida ma ta jini suke bi. Gogewa da tsumma ko tsomawa a ruwa ba ya kashe su. Toka ko gawayin da ba tsabta kuma na iya shigar da tetanos, cutar da ke ɗaure muƙamuƙi ta sandarar da jiki, wadda ta fi kisa ga jarirai. Tawada ma abin dubawa ce. Tarayyar Turai ta taƙaita dubban sinadarai a tawadar jarfa daga Janairun 2022, alhali wanda ke yi a lungu da tawadar biro ko wadda ba a san asalinta ba, ba wanda ya auna abin da yake zubawa cikin jikin mutane. Ko baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fatar wasu ya bar tabo.

Cirewa kuma ta fi sakawa wuya. Da hasken leza ake yi, zama da yawa, kuɗi masu yawa, a manyan birane, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa sun ce ya fi jarfar zafi. A baƙar fata yakan bar wuri fari ko baƙi ƙirin. Masu ƙoƙarin gogewa da ruwan batir ko ƙarfe mai zafi mummunar ƙuna kawai suke jawo wa kansu.

Addini da doka

Ga Musulmi maganar ba ta tsaya ga zafi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata, Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ma ta kawo hanin. A Sahihu Muslim an hana yi wa ko dabba lamba a fuska. Wa'azin malamai na cikin manyan dalilan ja bayan zanen gado. Malamai kuma sun bayyana cewa wanda aka yi wa yana yaro ba laifi a kansa, don haka ba dalilin gori ko tsangwama ga mai zane a fuska. Lalle kuwa halal ne, ado ne da ba ya keta fata.

A tsallaken iyaka, dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003, a sashe na 24, ta hana yi wa yaro jarfa ko tsaga, da hukuncin tara ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba. Tsakanin Konni da Illelar Sakkwato tafiyar ƴan mintoci ce, dangi ɗaya ne, aure ɗaya, wanzamai ma suna ƙetarawa.

Abin da ya rage gare mu

Babban da ya kai hankalin kansa, in yana tunanin jarfa, ya san cewa tambayar inda ya fi zafi ita ce mafi ƙanƙanta. Ya tambayi kansa hukuncin addininsa, da yadda fatarsa ke warkewa, da ko allurar sabuwa ce da aka ɓare a gabansa, da ko zai so wannan zane in ya yi furfura.

Wanzamai ba abokan gaba ba ne. Suna da daraja a gari, suna shiga gidajen da ma'aikacin lafiya ba ya shiga, maganar Sarkin Aska kuma tana da nauyi a wurin mutanensa. Su ya kamata a jawo, a yi zama da su da limamai da ungozomomi da ma'aikatan asibiti a Illela da Konni da Malbaza, a tsaya kan abu biyu: reza sabuwa ga kowane mutum, kuma a daina tsaga fuskar jariri. Askin suna ya ci gaba, goron wanzami da tukuicinsa su ci gaba. Asalin yaro kuwa a rubuta shi a takardar haihuwa, a koya masa sunan kakanninsa da garinsu da baki, a bar masa fatarsa yadda ya zo da ita.